Faifan da Kawu ya riƙe amana

Bayan sadakar arba'in ta Kawuna, Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya matarsa ta kira ni ɗaki ta nuna mini wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ta ce, "Ɗauke wannan ka tafi da shi, ɗana. Ba na so jikoki su buɗe su ce ashe haka Alhaji yake." Gabana ya faɗi, na zaci takardun bashi ne. Da na isa gida na buɗe, sai na tarar da faya-fayan garmaho talatin da ɗaya, kowanne cikin rigarsa ta kwali, an jera su tsaf: The Beatles, The Rolling Stones, Led Zeppelin, Black Sabbath, Osibisa.

Mutanen zangonmu a Kumasi sun san Kawu da sahun farko a masallaci, da shagonsa na gyaran rediyo. Ni kuwa na ɗan san wani abu bayan wannan, domin a shagon nake yin hutun makaranta ina miƙa masa dalma. Ina da shekara tara, a watan Disambar 1980, BBC ta ba da labarin an harbe John Lennon a birnin New York. Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa, ya rufe shago tun kafin azahar. Na tambaye shi ko ɗan'uwanmu ne ya rasu. Ya ce a'a, ya yi shiru, can ya ce, "Amma na san shi."

Sai da na girma ya riƙa ba ni labarin kaɗan-kaɗan, sauran kuma na cike da karatu.

Ingilar da ta haifi wannan kiɗa ba ita ce wadda iyayenmu suke hangowa a hoton Sarauniya ba. Ƙasa ce da yaƙin duniya na biyu ya bari a gajiye, har zuwa 1954 da kati ake sayen nama. Liverpool, garin The Beatles, tashar jiragen ruwa ce da ta sha bama-bamai. Dukansu huɗu tsakanin 1940 da 1943 aka haife su, kuma ba 'ya'yan sarauta ba ne: mahaifin George Harrison direban bas ne, mahaifiyar Paul McCartney ungozoma. Abin da ya tashe su daga barci shi ne faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka, su Chuck Berry da Little Richard da Muddy Waters. A 1956 wani mai suna Lonnie Donegan ya nuna wa yaran ƙasar cewa ba sai da kayan kiɗa masu tsada ba: jita mai araha, da allon wanki, da akwatin ganyen shayi da aka kafa wa sandar tsintsiya da igiya, sun isa. Duk wanda ya taɓa ɗaure leda a bakin gwangwanin madara ya yi ganga a lungun zango ya san wannan dabara. Sannan a 1960 aka daina ɗibar samari aikin soja na dole, sai ga matasa da lokaci a hannu, da ɗan kuɗin aiki a aljihu.

A shekarar ce The Beatles suka tafi Hamburg ta Jamus, suna kiɗa sa'o'i da yawa kowane dare har hannu ya faɗa. Faifansu na farko da sunansu ya fito a Oktoban 1962. A Fabrairun 1964 kimanin mutum miliyan 73 suka kalle su a talabijin a Amurka dare ɗaya, daga nan ƙofa ta buɗe wa sauran. A taƙaice, yaran Ingila sun ari kayan Amurka, sun sake musu ɗinki, sun koma sun sayar mata. A nan ina da ƙorafin da Kawu bai cika son ji ba: masu kayan na asali ba su ci ribar yadda ta kamata ba. Sai da Willie Dixon ya kai Led Zeppelin ƙara a shekarun 1980 kafin a sasanta da shi. Amma a yi adalci, The Rolling Stones ba su ɓoye malamansu ba. Sunansu ma daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi, kuma a 1965 sun sa an gayyato Howlin' Wolf shirin talabijin da za su fito, suka zauna a gabansa kamar almajirai.

Labarin da Kawu ya fi so shi ne na Tony Iommi na Birmingham, garin maƙera da masana'antu. Yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wurin aiki. Ya narka roba ya yi musu huluna, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don rage zafi, sai sautin ya fito da nauyi da kauri. Wannan sautin ne ya zama tambarin Black Sabbath, dubban makaɗa masu cikakkun yatsu suka bi shi suna kwaikwayo. Kawu kan ɗaga nasa yatsun da dalma ta ƙone ya yi dariya.

To me ya haɗa ɗan zango da wannan duka? Shi da wani amininsa, wanda suka yi makarantar allo tare, su ne suke haɗa kuɗi su sayi faifai daga hannun masu dawowa daga Takoradi, inda ma'aikatan jirgin ruwa ke saukowa da su. Bayan isha'i sai su kulle kansu a bayan shagon maigidansu, su rage murya. Manya sun ce kiɗan 'yan iska ne. Turancin waƙoƙin ma rabi suke ganewa. Na taɓa tambayarsa abin da suke ji a ciki, ya ce, "A gida ba ka da baki sai ka yi furfura. A waje kuma, ko a nan aka binne cibiyarka, baƙo ne kai. Sai ga waɗansu yara sa'o'inmu, 'ya'yan leburori, suna ɗaga murya, duniya ta yi tsit tana saurare."

A Satumbar 1969 The Beatles suka fitar da Abbey Road, faifan nan mai hoton mutum huɗu suna tsallaka titi, ɗayansu ba takalmi. Aminin Kawu ya same shi a watan Nuwamba, da kuɗinsa shi kaɗai. A watan ne aka ba da dokar nan da dattawanmu ba su manta ba, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. A Kumasi aka haifi yaron, amma mahaifinsa mutumin ƙasar Sakkwato ne, ba su da takarda. Ranar da za su hau babbar mota ya kawo wa Kawu faifan, ya ce ya riƙe masa, in ƙura ta lafa zai dawo. Wasiƙa biyu ta zo, daga nan shiru. Bayan 'yan watanni, a 1970, The Beatles ɗin ma suka watse.

Kiɗan dai bai tsaya ba, har ruwan ya juyo wajenmu. A 1969 ɗin nan Teddy Osei da ƙaninsa Mac Tontoh, 'yan Kumasi, da Sol Amarfio da abokansu suka kafa Osibisa a Landan, faifansu na 1971 ya yi kasuwa a Ingila. Ginger Baker na ƙungiyar Cream ya tare a Legas yana kiɗa da Fela, McCartney ya naɗi Band on the Run a can a 1973, Mick Fleetwood ya zo Accra a 1981. Sai dokar hana fitar dare ta farkon shekarun 1980 ta kashe wuraren kiɗa, kaset ya kori garmaho, Kawu ya yi aure ya sauke farali. Da labari ya iso cewa Cat Stevens ya musulunta a 1977 ya zama Yusuf Islam, an ce Kawu ya yi mako yana gaya wa duk wanda ya kawo gyara.

Na daɗe ina zaton abin ya wuce masa kamar ƙuruciyar kowa. Amma a ƙarshen shekarun 1990, da wani ɗan ƙanwarsa ya fara waƙar hiplife, dattawan gida suka taru za su yi masa ca. Kawu ne kaɗai ya ce a bar yaron ya rera ta har ƙarshe tukuna. Ya saurara, ya ce baiti na biyu ba shi da ma'ana, a gyara. Haka yake da kowane matashi, bai taɓa katse wa yaro magana ba, kuma yanzu na san inda ya koyo. A watan Yulin 2025 na nuna masa a waya taron bankwana na Black Sabbath a filin Villa Park na Birmingham, Ozzy Osbourne yana waƙa a zaune don ciwo ya hana shi tsayuwa, masu furfura suna hawaye a cikin taro. Kawu ya matso da wayar kusa da ido ya ce, "Duk mun tsufa." Bayan kwana 17 Ozzy ya mutu.

Yanzu ga inda nake. Wani dillali ya taya faya-fayan da kuɗi mai kauri, magada kuma suna da buƙata. Talatin daga ciki gado ne, za a yi yadda shari'a ta ce. Amma a cikin rigar Abbey Road na ga rubutun ajami da hannun Kawu: sunan amininsa, da kalmar amana. Na tambayi malaminmu, ya ce amana ba ta shiga rabon gado, sai a nemi mai ita ko magadansa. Saboda haka, 'yan'uwa masu karatu, musamman na wajen Sakkwato, in akwai wanda mahaifinsa ko kakansa ya baro Kumasi a ƙarshen 1969 yana saurayi, kuma ya taɓa ambatar wani faifai da ya bari wurin yaron mai gyaran rediyo, don Allah ya yi mini magana ta saƙo.

Makon jiya na aro garmaho na kai gidan Hajiya, don in tabbatar faifan bai lalace ba kafin in yi wannan cigiya. Na rufe ƙofar ɗaki, na rage murya yadda suke yi, na ɗora allura. Ban kai ƙarshen waƙa ta biyu ba na ji muryarta daga madafa.

"Ɗana, juya shi. Ɗaya gefen Alhaji ya fi so."