Gaskit da Injin Sit a Zamanin Fijo

Waɗanda suka taso a garejin makanikai a shekarun 1980 sun san Fijo 504 ba ta mutuwa, sai dai mai ita ya gaji. Tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna, don haka kayanta ba sa wuyar samu, daga Panteka har Ƙofar Ruwa a Kano. Ni lokacin yaron gareji ne, aikina wanke noti da fetur da zuwa aike.

Idan injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sauke shi ake yi a baje shi kan buhu, a sake masa ringi da metal, wani lokaci har fistin da silib. Waɗannan ba su cika ba mu wahala ba. Gaskit ne abin tsoro, ga shi kuma ya fi komai araha. Ƙananan, irin na famfon ruwa, Oga da kansa yake yankawa. Zai shafa giris a fuskar ƙarfen, ya manna takardar gaskit, in babu ita ya sa kwali, sannan ya riƙa bin gefe da 'yar guduma, ƙwas, ƙwas, har kaifin ƙarfen ya yanke takardar, ramukan noti su fito cif.

Tof gaskit kuwa ba a yi masa dabara, saye ake yi, domin shi ke raba wuta da ruwa da mai. Da tsohon ake tura ni kasuwa. "Kai yaro, ka ɗora tsohon kan sabon, rami ya hau rami. In mai kayan ya ce maka duk ɗaya ne, dawo min da kuɗina." Jabu ba ya tona kansa ranar da aka ɗaura shi. Sai an yi 'yan makonni lagireto ya fara tafasa, a zaro sandar auna mai a ga ya koma kamar koko.

Injin 504 yana da wata ƙa'ida da kowane yaro ke sha wa ranƙwashi. Silib ɗinsa zaune suke cikin ruwa, da siririn gaskit a gindinsu. In an cire tof silinda, ba a juya injin sai an danne su da noti da washa, in ba haka ba su ɗaga, ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin mai. Ɗaure notin tof kuma daga tsakiya ake farawa a fita gefe, a zagaya sau biyu ko uku, kuma a gaya wa direba ya dawo bayan ya ɗan yi tafiya a ƙara ɗaurewa.

Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sababbin kaya suka yi tsada. Sannu a hankali injinan Beljiyam suka cika kasuwa, sayen ɗungurungum ya fi gyara sauƙi. Wasu direbobin haya ma har injin motar Japan suke so a dasa musu don tsimin mai. A nan ake gane gwani. Injin Fijo a kishingiɗe yake, na Japan a tsaye, ƙafafunsa ba sa faɗawa inda na Fijo suke. Sai a rataye shi da sarƙa a reshen dalbejiya, a yi ta sassautawa ana leƙe ta ƙasa, har ya yi layi ɗaya da farfela, kaskon mai bai taɓa ƙarfen ƙasa ba, bonet kuma ya rufu. Sai mai walda ya ɗana ƙarfen injin sit, wato mazaunin injin, a sake sauke injin ya ƙone ƙarfen sosai.

Robar injin sit ce aka fi yi wa rowa. Wasu sukan yanko tsohuwar tayar babbar mota su huda su ɗora. Oga bai taɓa yarda da wannan ba, kuma ina bayansa har gobe: robar taya ba ta shanye girgiza, sai ta miƙa wa jikin mota, salansa ta tsage, notuna su kwance, fasinjan baya ya sauka a Daura ƙafarsa ta yi sanyi.