Ƙwayar Suga a Haɓar Zanin Inna



Akwai wani littafi mai shuɗin bango da na saya a kasuwar Dambatta da niyyar fara rubuta labarina na farko. Na rubuta sunan labarin a shafin farko, na ja masa layi biyu, na tura shi ƙarƙashin katifa, har wata bakwai ban ƙara kalma ɗaya ba. Yau littafin ya cika taf, amma ba da labarin da na yi niyya ba. Lambobi ne a ciki: kwanan wata, awon safe, awon yamma, yawan allurar da na yi, da abin da na ci.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Dambatta da Makoɗa, kuma manomi kamar kowa a nan. A yankinmu gona manne take da gona, babu fegin da ake bari ya huta, taki ne da gumi suke riƙe ƙasa. Bara da bazara, bayan ƙaramar Sallah, na fara shan ruwa kamar rijiya aka haƙa a cikina. Da daddare ina tashi fitsari sau biyar, sau shida. Wandona ya fara zamewa. Na ɗora wa zafin rana laifi, har ranar da maiɗakina ta ce, "Malam, ka lura kiyashi na taruwa a inda ka kama ruwa?"

A Babban Asibitin Dambatta aka huda min yatsa, na'ura ta nuna 412. Likita ya ce awon mutum kafin ya karya kumallo idan ya kai 126 ko ya wuce, kuma aka maimaita aka sake samun haka, to ciwon suga ne. Ya yi min bayani da Hausa mai sauƙi: a bayan tumbi akwai wani sashe da ake kira fankiriyas, shi ke samar da sinadarin insulin, wanda yake buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Nawa ya gaza, shi ya sa nake ci ina ramewa. Ya rubuta min allura sau biyu a rana, yunit 14 da safe, yunit 8 da yamma, rabin awa kafin cin abinci.

Sista ce ta koya min yi. Ruwan allurar fari-fari ne kamar tsinkakken nono, domin haɗi ne: kashi 30 mai saurin aiki, kashi 70 mai tafiya a hankali. Ba a girgiza kwalbar, murza ta ake yi a tsakanin tafin hannu har ta haɗu. A zuƙo, a fitar da kumfar iska, a tattaro fatar ciki ko ta cinya a soka, gobe kuma a sauya wuri don kada fatar ta yi gudaji ta daina tsotse maganin yadda ya kamata. Ta faɗi abubuwa da yawa ranar, har da maganar sirinji da lambar da ke jikinsa. Kaina ya yi nauyi, rabin maganar ta bi iska. Inna da ta rako ni tana zaune a gefe, ta yi tagumi, ban zaci tana saurare ba.

A gida ne aka fara shari'a. Inna ta ce allurar da mutum zai riƙa yi wa kansa kullum ba magani ba ce, wahala ce. Kawu ya ce sammu ne, saboda rigimar iyakar gona da muka yi da wasu. Wani ya kawo garin garahuni, wani ya kawo saiwa a jarka, wani ya ce in dage da zogale da shuwaka zan jefar da allurar kafin damina. Zogale muna cin sa har gobe, ganye ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin abin da jiki ya daina samarwa. Na karanta cewa kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, yaron da wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa a duniya. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson, ya kuma farfaɗo. Da na ba Inna wannan labari sai ta ce, "To, Allah ya sa mu dace," ta tashi ta ba ni wuri.

Matsala ta farko ita ce ajiya. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba tare da ta daskare ba. Mu kuwa ba mu da wuta, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Kano kan wuce digiri 40. Dabarar da ta cece ni ta maƙwabta ce. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi suna da hikimar tukunya cikin tukunya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke tafiya da zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Na sa kwalbar a robar da ruwa ba ya shiga, na ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke wucewa, maiɗakina na yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma. Ba firji ba ce, don haka kwalba ɗaya nake saya a lokaci guda, ina rubuta ranar da na buɗe ta a jikin kwalin, kuma ba na wuce wa'adin da ke takardar cikinta.

Sai damina ta sauka. Ranar wata Laraba a watan Yuli, lokacin noman farko, sirinjina ya ƙare. Na aiki ƙanena wani kemis a gari, ya dawo da sababbi masu jan murfi. Waɗanda na saba da su murfinsu ruwan lemo ne, amma na ce ai sirinji sirinji ne. Da asubar Alhamis na zuƙo har layin 14 kamar kullum. Na ga ruwan ya ɗan fi yawa a ido, na ce ƙila ƙirar ce daban. Na soka. Koko bai dahu ba, 'yan gayya kuma suna jirana a gonar gero, sai na kurɓi ruwa na saɓa fartanya, na ce Inna ta biyo ni da fura.

Ban gama kunya ta huɗu ba na ji hannuna na rawa. Zufa mai sanyi ta karyo min, zuciyata na dukan uku-uku, wata irin yunwa ta murɗe min ciki. Na zauna a gindin tsamiya. Abokan aiki suna min magana ina jin su kamar daga cikin rijiya. Sun ce na fara faɗa da mutane ba dalili, ina maganar da ba ta da kai. Wani ya ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya.

Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai wannan" ko "yayansu". Ranar nan, daga bakin gona ta yar da ƙwaryar fura, ta ƙwala min kira da cikakken sunana. Wannan kiran ne kaɗai na ji sarai. Ta durƙusa ta kwance haɓar zaninta, sai ga ƙwayar suga huɗu a ƙulle cikin leda. Ta ce, "Kana iya haɗiya?" Na gyaɗa kai. Ta tura min su ɗaya bayan ɗaya. Ashe tun ranar asibiti, da ta ji Sista na cewa duk mai allurar nan kada ya rabu da suga a jikinsa, take yawo da su. Matar da ta ce allurar wahala ce ita ta riƙe darasin da ni mai ita na yar.

Bayan kamar minti 15 hankalina ya dawo, amma ba a jima ba rawar ta sake tasowa. Aka ɗora ni a babur, ƙanena ya riƙe ni ta baya, sai asibiti. Awona 48, alhali duk abin da ya gaza 70 faɗuwar suga ce. Sista ta ce a nuna mata sirinjin. Tana ganin jan murfi ta riƙe baki. Ta nuna min rubutun jikinsa, U-40, sannan na jikin kwalbata, U-100. Ma'ana, a kowane mililita ɗaya na ruwan kwalbata akwai yunit 100, shi kuwa sirinjin an zana layukansa ne don ruwan da ke da yunit 40 kacal. Duk layi ɗaya da na zuƙa ya zama biyu da rabi. Yunit 14 da nake zaton na yi, 35 ne. Na haɗa da rashin karin kumallo da noma, waɗanda kowannensu shi kaɗai yana sauke suga. Saboda ɓangaren maganin mai jinkiri yana daɗewa a jiki, sai da na kwana ana auna ni.

Tun daga ranar littafin nan mai shuɗin bango ya samu aiki. Da na koma da shi wurin likita bayan mako biyu, ya bi lambobin da biro, ya ga duk ranar noma awona na yamma ƙasa yake, ranar makaranta kuma sama. Shi ya gyara min adadin ranakun gona, ba ni na gyara da kaina ba. Littafin ya nuna min fura mai suga da farar shinkafa suna harba awona sama, ɗanwake da tuwon dawa malmala ɗaya da miyar ganye kuma suna tafiya da ni a hankali. Ya koya min cewa ranar zazzaɓi suga kan hau ko da ban ci kirki ba, don haka ba a dakatar da allura a kan zato, asibiti ake tambaya. Abin da ya fi ci min rai shi ne tsada. Tun faɗuwar darajar naira a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, ɗan abin da ake ɗiga wa jini a na'ura ma ba kullum nake iya saye ba. Buhun gyaɗa biyu na ware a rumbu, sunansu na allura, ba a taɓa su ko da biki.

Da azumin bana ya zo, likita ya ce a shekarar farko, da irin faɗuwar da na yi, kada in ɗauka. Na je wurin limaminmu da nauyin zuciya, ya tuna min cewa Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi wa marar lafiya rangwame, kuma karɓar rangwamen ba raunin imani ba ne. Duk da haka, cin abinci a ɓoye a ɗaka, yara 'yan shekara goma na azumi a tsakar gida, ya fi min zafi a kan duk allurar da na taɓa yi.

Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta shi ne kaɗan. Idan akwai mai allurar suga a gidanku, ku duba lambar kwalba da ta sirinji yau, ku tabbata iri ɗaya ce. Idan kun ga yana rawa, yana zufa, yana magana ba kai, kuma yana iya haɗiya, ku ba shi suga ƙwaya uku ko huɗu ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ku jira minti 15, ku maimaita idan bai dawo ba, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Lambobin allurata kuma nawa ne, kada wani ya kwaikwaya, kowa da abin da likitansa ya auna masa.

Jiya na sayo sabon littafi don lambobi, na haɗo da wani na biyu don labarin da na yi watsi da shi. Inna ta gan su a hannuna ta ce, "Kai wannan, ka ci abinci kuwa kafin ka fita?" Ta koma kunyarta ta da. Amma da ta juya, na ga ƙullin nan yana nan a haɓar zaninta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa iyayenmu da Aljanna.