Jinyar Duna

Bahaushe bai ɗauki kare abin jinya ba. Kare na farauta ne ko na gadi, a jefa masa ƙanzo da ƙashi, ran da ya kasa kuwa a nemi wani. Don haka na san cikin masu karatu akwai waɗanda za su yi dariya in na ce yau shekara huɗu ke nan ina jinyar kare a gidanmu da ke Kunduru, ƙasar Kankiya.

Sunansa Duna, saboda baƙinsa. Ƙanen mahaifina, wanda maharbi ne, shi ya ba ni shi yana kwikwiyo domin ya tsare mana turken dabbobi, tunda a wannan zamani na ɓarayin shanu mai dabba ba ya barci da ido biyu. Yana ɗan shekara biyu ciwon ya fara kayar da shi, wata safiya cikin hunturu. Ya faɗi ta gefe guda, jiki ya sanƙare, ƙafafu na shure-shure, kumfa na fita ta baki, fitsari ya kwace masa. Bayan kamar minti biyu ya miƙe yana tangaɗi, yana karo da garu kamar bai san gidan ba.

Kafin hantsi samari sun cika ƙofar gida da gorori, wai kare ya haukace. Mai unguwa ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ran yaro ɗaya ya fi karnukan garin nan duka." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma a ba ni kwana goma." Dalilina shi ne, kare in haukar gaske ta bayyana a jikinsa, ba ya wuce kwana goma a raye. Bugu da ƙari, an yi wa Duna allurar rigakafi, irin wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, take yi. Aka ɗaure shi da sarƙa a bayan rumbu. Kwana goma suka cika yana cin tuwonsa, yana kaɗa wutsiya.

Likitan dabbobi da na kai shi wurinsa a Katsina ya fara da tambaya, ko ya lashi fiya-fiya ko maganin ɓera, domin guba ma tana kawo irin wannan faɗuwa. Da ya tabbatar babu, sai ya ce farfaɗiya ce, wadda takan fara wa kare tsakanin wata shida da shekara shida. Ya rubuta ƙwayar fenobabiton, safe da yamma, ya ja mini kunne cewa ba a warkewa, lallaɓawa ake yi, kuma dakatar da ƙwayar farat ɗaya na iya tayar da ciwon fiye da da.

Tun daga ran nan rayuwar gidanmu ta sake tsari. Bayan sallar asuba ina cusa ƙwaya cikin lomar tuwo, bayan magariba haka. In tafiya ta kama ni, uwargida ke karɓar aikin, ita da ta fi kowa ƙyamarsa a da. Maganin na sa shi ƙishirwa da yunwa, saboda haka kaskonsa ba ya rabuwa da ruwa. Mun rufe bakin rijiya, mun hana shi kwana kusa da murhu. In ya faɗi, sai mu janye turmi da duwatsu, a kori yara, ba mai sa masa hannu a baki, ni kuma in duba agogo, domin in abin ya wuce minti biyar rai na cikin haɗari. A littafin da nake rubuta ranakun faɗuwarsa, da sau uku ne a wata, yanzu sai a yi wata biyu lafiya.

Wani aminina ya ce kuɗin ƙwayar nan da na tara da sun sayi tunkiya. Haka ne. Amma limaminmu ya tuna mana cewa shari'a ta yarda a ajiye kare don kiwo da noma da farauta, kuma ya zo a hadisi cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya kwana yana gadin dukiyarka, ai yana da hakki a wuyanka ran da ya faɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne 'yan'uwanmu mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50. A ƙauyukanmu har gobe in ɗayansu ya faɗi sai a watse a bar shi, wai yawunsa na yaɗa ciwon, alhali ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta taɓawa. Akwai wata yarinya a unguwarmu da aka cire daga makaranta saboda haka. Da mahaifinta ya ga yadda ƙwaya ta lafar da ciwon Duna, sai ya daure ya kai ta asibiti, aka rubuta mata nata maganin. Bana tana aji biyar. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya ba mu tausayin duk mai rai.