Sojojin da suka yi wata 18 suna yaƙi ba su karɓi albashi ba

Jama'a, duk lokacin da na ji ana ce wa ma'aikaci "karɓi rabi, da babu gara ba daɗi", sai wata runduna ta yaƙin basasar Amurka ta faɗo mini a rai: runduna ta 54 ta sojojin ƙasa 'yan sa-kai daga jihar Massachusetts.

A farkon 1863 aka kafa ta, bayan Shugaba Lincoln ya yi shelar 'yanta bayi. Baƙar fata ne, hafsoshinsu Turawa, kwamandansu Kanar Robert Shaw ɗan shekara 25. 'Ya'yan Frederick Douglass biyu na ciki. Sun shiga suna sane da cewa idan 'yan Kudu suka kama su, ko kisa ko a mayar da su bauta.

Ranar 18 ga Yuli, 1863, su aka sa a gaba wajen kai hari sansanin Wagner kusa da Charleston. Kimanin mutum 600 suka shiga, fiye da 250 aka kashe ko aka jikkata ko aka kama. Shaw ya mutu, abokan gaba suka binne shi rami ɗaya da yaransa don wulaƙanci. Daga baya sun gwabza a Olustee da Honey Hill a 1864, aka sallame su a Agustan 1865.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar kuɗi. An yi musu alkawarin dala 13 a wata kamar kowane soja. Da biya ya zo sai aka ce dala 10, a kuma cire 3 na kaki. Suka ƙi karɓa. Jiharsu ta ce za ta cika musu gibin daga aljihunta, nan ma suka ƙi, don so suke gwamnatin tarayya ta yarda cewa jininsu ɗaya da na Bature. Iyalansu na cikin yunwa a gida, su kuma ba su ajiye bindiga ba. Sai a Yunin 1864 majalisa ta gyara doka, aka biya su bashinsu a Satumba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: a runduna ta 55, ƙanwar wannan, wadda ita ma ta ƙi karɓar guntun albashi, akwai ɗan Borno, Nicholas Said, haifaffen Kukawa. An sayar da shi bawa ta hanyar Sahara, ya zaga Turkiyya da Rasha, ya ƙare da saje a Amurka.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda 20 ga wata take a gida mai yara. Ba zan zargi wanda ya karɓi rabi ba. Amma na lura, duk ranar da muka sa hannu a kan rabi, rabin ne yake zama doka.

Allah ya ba mu shugabanni masu cika alkawari. Me kuka gani?