Ba Mu Labarin Kanka

A jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO akan ce ɗalibi ya rubuta wasiƙa zuwa ga wata hukuma, kuma 'yan aji shida sun haddace tsarinta: adireshi biyu, kan magana, sa hannu. Don haka takardar neman aiki ba ta cika damuna ba. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne ranar intabiyu, da za a ce wa yaro, "Zauna, ba mu labarin kanka."

A gida mun koya masa ya sunkuyar da kai gaban manya, kada ya yabi kansa. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so a taɓa ta. Sai dai mai ɗaukar aiki, a banki ne ko a kantin magani, yakan ɗauki shirun nan rashin sani ne. Akwai yarinyar da ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashin matan unguwa, ko kwabo bai taɓa ɓata ba, amma da na tambaye ta me ta iya, sai ta ce, "Ba komai, Malam."

Shi ya sa nake ajiye kujeru biyu gaban allo, wannan ya tambaya, wancan ya amsa. Da farko dariya suke yi. Daga baya sai ka ji ɗalibi mai gyaran waya yana bayanin sana'arsa, muryarsa ba ta rawa.

'Yan'uwana malamai, darasi ɗaya a mako ya wadatar, kuma ba ya cin ko sisi.