Daren da na ƙona wasan Yaya

A Mallawa ba ma cewa PlayStation. “Wasa” kawai muke cewa, kowa ya san abin da ake nufi. Wasan na Yayana ne. Rani biyu ya yi yana tura baro a Kano kafin ya dawo da shi cikin jakar bakko, tare da tele mai ƙaton ƙeya, manet biyu, regilater da ɗan ƙaramin gurup. PlayStation 2 ce, baƙar nan babba mai nauyi, irin wadda Sony ya fara fitarwa tun 2000. Wato ta girme ni. Lokacin da ta iso garinmu, a birni har an gaji da ta 4, amma mu a wurinmu sabuwa ce fil.

Yaya ya kafa rumfar zana a bakin hanya, ya sa benci biyu. Wasan ƙwallo na PES dala 10 ne, ko kwatankwacinsa a naira, don a wajenmu kuɗin biyu duk suna tafiya. Wanda aka ci shi ke tashi. Sai kuma Black, wasan bindiga na 2006, wanda mutum ɗaya tak ke bugawa, sauran su zuba ido suna ba shi umarni: “Bayanka! Jefa gurneti! Kai, harsashinka ya ƙare!” Ƙarar bindigar wasan nan har masallacin unguwa ake jin ta, sai da liman ya aiko a riƙa rage murya. Black tana da wani hali guda: ba ta ajiye maka inda ka kai a kan kart memwar sai ka gama mataki gaba ɗaya. In aka kashe na'urar kana tsakiya, gobe daga farko za ka soma. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Dokokin Yaya uku ne. Kada a kawo shayi ko ruwa kusa da na'ura. Kada a haɗa ta da gurup kai tsaye, sai ta cikin regilater, akwatin nan mai daidaita wuta. In gurup ya fara tari, alamar mai ya kusa ƙarewa, a kashe komai nan take.

Akwai wani yaro ɗan maƙwabtanmu, ya kai shekara 11 lokacin. Uwarsa na tuyar ƙosai, ubansa ya daɗe a ci-rani ba aike. Ba shi da dala 10, don haka shi ke share rumfa, shi ke zuwa wurin ƴan ruwa-ruwa ya sayo mai a kwalba, shi ke kaɗe ƙurar tele. Ladansa wasa ɗaya in an watse. Ba zan faɗi sunansa ba. Na riga na ɓata shi sau ɗaya.

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen man da ke kusa da iyaka. Mu da muke shan man Najeriya a kwalba, mun ji a jikinmu. Yaya ya koma auna lita guda kowane dare, in ta ƙare an tashi. Cikin wannan hali, a sanyin Disamba, aka yi rasuwa a dangi a Magaria, ya tafi gaisuwa zai kwana biyu, ya bar mini makulli. Ina katriyem a koleji, shekarata 15, ina jin kaina babba.

Daren farko na ga hanyar samun nawa. Mutane na neman inda za su sa wayoyinsu caji, na karɓi guda shida, dala 10 kowace. Bakin regilater biyu ne, ɗaya na tele, ɗaya na wasa. Na ji tsoron wayar wani ta ƙone a ce in biya, sai na cire wasan na sa wayoyin a wurinsa, shi kuma na haɗa shi da gurup kai tsaye. Bayan isha'i yara suka watse, saura ni da yaron. Maimakon in ba shi wasansa na lada, na zauna kan Black, wani mataki da ya yi mako yana gagarata. Na kusa ƙarshe, hannuna har gumi yake duk da sanyi, sai gurup ya yi tari.

“Yaya, mai ya ƙare, a kashe,” in ji yaron.

“Saura kaɗan.”

“Yaya Babba ya ce in ya yi tari...”

“Rufe mini baki!”

Ƙwan fitila ya dushe, ya haska fiye da ƙima, ya sake dushewa. Sai wani ɗan “tas”, sai warin ƙonanniyar roba. Tele ba abin da ya same ta, wayoyin mutane lafiya lau. Ɗan jan hasken da ke gaban na'urar ne ya mutu, bai sake kamawa ba.

Da Yaya ya dawo, ban yi dogon tunani ba, ƙaryar ta fito da kanta kamar dama tana jira a bakina. Na ce yaron ne ya zubar da shayi a kai ina waje. Yaron ya rantse, ya yi kuka, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru tiryan-tiryan. Ba wanda ya saurare shi. Ni ƙanen mai rumfa ne, ɗan lakkwal, shi kuwa mai shara. Kawunsa ya zane shi a gaban mutane. Uwarsa ta ɗauko jika 5 daga kuɗin adashinta ta kawo gidanmu, ta durƙusa tana ba Yaya haƙuri. Ina tsaye a zaure ina kallo. Yara suka laƙaba masa “Mai ƙona wasa”, sunan ya bi shi.

Da a da ne Kano za a kai gyara, amma iyaka a rufe take, sai muka bi ta Dungass zuwa Damagaram, na'urar a naɗe cikin zanen Inna a kan cinyata. Kusa da kasuwar Dole muka sami wani dattijo mai gyaran rediyo da tele, shagonsa cike da gawarwakin na'urori har rufi. Yaya ya gaishe shi, ya ce, “Malam, shayi aka zubar mata.”

Dattijon ya kwance kusoshin, ya ɗaga murfin, ya hura ƙura. Ya daɗe yana dubawa da ɗan tocinsa. Sannan ya kira Yaya ya matso.

“Samari, ruwa in ya shiga na'ura yana barin sawu. Za ka ga fari-fari ko tsanwa a kan ƙarfe, in da sukari kuma za ka ji danƙo. Duba nan, a bushe take ƙarau. Amma dubi wannan allon da wuta ke fara shiga. Ka ga baƙin nan? Fiyus ya tafi, wannan ɗan gwangwanin ya kumbura. Wuta ce ta yi mata yawa. Da gurup kuke aiki ko?”

“Da regilater, Malam.”

“To ranar dai ba ta bi ta regilater ba.”

Bai dube ni ba, bai san ma akwai wata magana ba. Ya ciro allon wuta daga wata matacciyar na'ura irin tamu ya dasa, ya wanke fankar da ƙurar hunturu ta toshe, ya goge idon da ke karanta faifai da auduga. Jan haske ya dawo. Jika 7.

A mota Yaya bai ce mini uffan ba. Sai da muka sauka Dungass ya ce, “Kuɗin matar nan kai za ka biya.” Da dare ya je ya mayar mata da jikarta 5, ni kuma na yi wata uku ina aikin rumfa ba ko dala. Amma ya ce maganar ta tsaya nan, kada a ji a gari ƙanensa maƙaryaci ne. Ni ma hakan ya yi mini daɗi. Aka biya kuɗi, aka gyara na'ura, na ɗauka an gama. Yaron bai sake taka rumfar ba.

Shekaru suka wuce, na zo karatu Damagaram. A fadarmu muka haɗa kuɗi mu biyar muka sayi PlayStation 4 ta hannu. Nan na gane wasa ya canza. A Mallawa mai da faifai kawai ake bukata. Yanzu in kana son karawa da mutanen duniya a yawancin wasannin da ake saye, sai ka yi abonma na PlayStation Plus. Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusu da su, don haka muka rubuta adireshin Faransa, mu da ba mu taɓa wuce Yamai ba. Katin kuɗi kuma wurin ƴan kasuwa ake saye, su turo lambar ta WhatsApp. Yuro guda sefa 656 ne in an cike, katin yuro 20 ya haura jika 13 tun kafin mai sayarwa ya ɗora ribarsa. Ga forfe na intanet daban, kuma waɗannan wasanni kowane sabuntawa sai ya cinye giga masu yawa. A Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki, mun zauna cikin duhu muna ƙirga kwanakin abonma suna tafiya, don su ba sa jiran kuran.

Wani dare ina buga Call of Duty, aka haɗa ni ƙungiya da wasu samari uku masu Faransanci. Injinan da ke haɗa wasan suna can nesa, kafin saƙon manet ɗina ya je ya dawo, wanda ke kusa da su ya riga ni harbi. Rezo kuma ya yi rauni daidai lokacin da ake bukatata, mutumina ya daskare a tsaye, aka kashe mu duka. Suka hau ni da zagi cikin kunne: da gangan na yi, na sayar da su, ban iya komai ba. Na yi ta bayani, ina cewa rezo ne, ba ni ba ne. Ba wanda ya saurara. Suka fitar da ni daga ƙungiyar.

Abu ne na banza, zagin baƙi ne waɗanda ba zan taɓa gani ba. Amma na ajiye manet hannuna na rawa don haushi. Ina nan zaune sai na ji muryar yaron, yadda ya riƙa cewa “Wallahi ba ni ba ne” kawunsa na dukansa. Ni minti biyu aka yi ana ɗora mini laifin da ban yi ba, na kasa barci. Shi shekara huɗu ke nan yana amsa sunan da na saya masa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani.

Da hutun ƙarshen shekara na koma gida da manet guda da sandarsa ta lalace, mutum na tafiya shi kaɗai ba a taɓa ba. Aka ce mini akwai mai gyaran waya a kasuwa, hannunsa na da kyau. Na je, na tarar shi ne. Ya yi tsawo, ya kafa tebur da faifan sola, batir a ƙasa, yana narka dalma. Ashe bayan abin nan ne ya tafi koyon gyara wurin wani a Magaria.

Ya karɓi manet ɗin, ya buɗe, ya wanke ƙurar da ta shiga ƙarƙashin sandar, ya canza ɗan abin da ya cinye. Ina tsaye ina juya maganar a baki. Da ƙyar na ce, “Ka san abin nan na wasan Yaya... ni ne na ƙona shi.”

Bai ɗago kai ba. “Ai ina wurin, Yaya.”

“Ka yafe mini.”

“Ni na daɗe da yafewa. Amma ba ni ne ban sani ba. Mutanen gari ne ba su sani ba.”

Ya miƙo mini manet, ya ce jika guda da rabi. Bai rage mini ko dala ba, ni ma ban nema ba.

Da yamma na je inda samarin unguwarmu ke shan shayi, yawancinsu tsofaffin ƴan rumfar Yaya. Na bari aka zuba na farko, sannan na faɗa musu komai, har da wayoyi shida da dala 60 da na sa aljihu. Wasu suka yi dariya, wasu sun ma manta da zancen. Ɗaya ya ce, “To yanzu kai ne Mai ƙona wasa ke nan.” Na ce na amsa.

Wurin uwarsa ne ya fi wuya. Na same ta da safe a bakin kaskonta, na durƙusa kamar yadda ta durƙusa a gidanmu. Ta saurare ni har na gama, tana juya ƙosai. Ta ce, “Tun daren da yayanka ya maido kuɗin na gane. Ina dai jira in ga ranar da za ka zo da ƙafarka.” Ta ƙulla mini ƙosai na dala 20 a takarda, ta ce in gaida Inna.

Na'urar tana nan har yau a ɗakin Yaya, cikin zanen da muka kai ta Damagaram. Tana kamawa. Matakin nan na Black kuwa ban taɓa gama shi ba.