Legas ta Baƙuwa Daban, ta Mazauniya Daban

Duk hutun ƙarshen shekara ko bayan Sallah, sai ki ga hotuna sun cika WhatsApp. Wance a bakin teku ta tattare abaya kada ruwa ya jiƙa ta, yara na guje-guje cikin yashi, ga dogayen benaye a bayansu. Sharhin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: "Kai, masu zama a Legas suna shan daɗi!"

Da a hoto maganar take tsayawa, da babu damuwa. Amma a gidaje da yawa ana zaune ana shawara: an yi wa maigida canjin wurin aiki, ko kasuwa ta buɗe masa a Mile 12 ko Apapa, shin a kwashi iyali a bi shi ne, ko a zauna a gida ya riƙa zuwa? Sau da yawa kuma uwargida na yanke hukunci ne da kwana biyar ɗin da ta taɓa yi a can lokacin biki ko hutu. Ni na ga garin ta fuska biyu. Na je sau biyu a matsayin baƙuwa daga Kano, sannan na zauna shekara uku, daga 2019 zuwa 2022, gidanmu a Agege, ni kuma ina aikin jinya a wani asibiti da ke kan tsibiri.

Abin da baƙuwa ke gani

Duk abin da kika gani a ziyara gaskiya ne, ba ruɗin ido ba ne. Ga wadda ta tashi a inda babban ruwan da ta sani shi ne Tiga ko Bagauda, ranar farko da ta tsaya gaban teku ba ta mantuwa. Za a kai ki gandun dajin Lekki ki hau gadar nan da aka rataya a saman itatuwa, mai tsawon mita 401, birai na tsalle a gefenki. Za a nuna miki dandalin Tafawa Balewa, inda aka yi bikin 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Za ki shiga kasuwar Balogun ki ga leshi da atamfa har idonki ya gaji, ki yi azahar a babban masallacin Juma'a na tsibiri, ki wuce ta Iganmu a nuna miki babban gidan wasannin ƙasa inda aka yi bikin FESTAC a 1977.

Sai dai ki lura da yadda ake yi wa baƙuwa. Ba a fita da ita sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe sha ɗaya, lokacin da ma'aikata suka riga suka isa ofis. Mai masauki ya san hanyar da za a kauce wa cunkoso. Kuɗin da ke jakarta na kashewa ne, tun daga gida aka ware su. Idan ruwan famfo ya ɗauke ba ita za ta nemo ba. Baƙo raɓa ne, kafin garin ya nuna mata ɗaya fuskar tasa ta riga ta hau jirgi, awa ɗaya da rabi tana Kano.

Gada ɗaya, agogo biyu

Babu abin da ya fi nuna bambancin kamar gadar Third Mainland. An buɗe ta a 1990, tsawonta kilomita 11.8, ita ce babbar hanyar da ke haɗa ɓangaren tudu da tsibiri. Baƙuwa na hawa ta da hantsi, iska na kaɗawa, tana ɗaukar bidiyon gidajen katako na Makoko da ke tsaye cikin ruwa. Minti goma sha biyar an tsallake.

Mazauniya kuwa da asuba take hawa ta. Dalilin a fili yake: Legas ce jiha mafi ƙarancin faɗin ƙasa a Najeriya, amma mutanenta sun haura miliyan 15, gwamnatin jihar ma na cewa sun wuce miliyan 20. Manyan ofisoshi da bankuna da yawa suna Ikoyi da Victoria Island da Lekki, gidajen da mai matsakaicin albashi zai iya kamawa kuma suna can Agege, Ikorodu, Egbeda da Iyana Ipaja. Don haka da safe kowa ya nufi gefe ɗaya, da yamma kowa ya juyo.

Ranar da nake da aikin safe, ƙarfe huɗu nake tashi. In dafa abin karin kumallo da abin da yara za su tafi da shi makaranta, in ajiye musu kayan sawa, ana sallame sallar asuba ina bakin titi ina jiran danfo, wato motocin nan masu launin ɗorawa. Idan na makara da minti ashirin kacal, tafiyar awa ɗaya sai ta koma awa biyu da rabi. Lokacin da aka rufe ɓangare ɗaya na gadar don gyara, daga Yulin 2020 zuwa farkon 2021, akwai ranakun da nakan fita yara na barci, in dawo sun yi barci. Har sai da na gwammace aikin dare, domin idan zan tafi jama'a na dawowa ne, idan zan dawo kuma suna tafiya.

Ki yi lissafi da kanki, 'yar uwa. Awa huɗu a hanya kullum, sau biyar a mako, awa ashirin ke nan. Ba daga barcin maigida kawai ake cire su ba. Daga lokacin duba littafin yaro ake cirewa, da hirar bayan isha'i, da biya masa karatun allo.

An samu sauƙi bayan mun baro. Jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina zuwa Mile 2 ya fara aiki a 2023, wani layin kuma da ya ratsa ta Agege da Ikeja da Oshodi ya biyo baya a 2024, ga motocin BRT masu hanyarsu daban da suke aiki tun 2008. Amma ba kowace unguwa suke kaiwa ba, kuma tun 2022 aka tsananta haramcin acaɓa a manyan sassan birnin.

Gida da damina

Baƙuwa ba ta neman gidan haya. Mazauniya kuwa da shi take fara sanin garin. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, duk da haka akwai masu gidan da ke neman na shekara biyu. Bayan kuɗin hayar akwai na dillali, da na rubuta yarjejeniya, da na ajiya saboda ɓarnar da ba a riga an yi ba. Abin da za ki biya wa ɗaki biyu da falo a saman bene, a Kano zai ba ki gida mai tsakar gida da wurin shanya da inda yara za su yi wasa.

Rashin tsakar gidan nan ba ƙaramin abu ba ne ga macen Arewa. Babu inda za ki kafa murhu ranar suna, babu inda za ki baza tabarma da yamma, babu ƙofar maƙwabta da yaro zai faɗa ba tare da kin damu ba. Ruwa kuma gidaje da yawa da rijiyar burtsatse suka dogara, idan babu wuta babu turo ruwa sama. Sai a koma ga 'yan ga-ruwa, waɗanda har Yarabawa da sunan "mai ruwa" suke kiran su.

Mafi yawan masu ziyara a watan Disamba suke zuwa, lokacin da gari ya bushe. Damina a Legas kuwa kashi biyu ce: daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, a dawo a Satumba da Oktoba. A Yuni da Yuli unguwanni da dama, har da na masu kuɗi a Lekki, ruwa na kwanciya a tituna ya shiga gidaje. Wanki na yin kwana biyu bai bushe ba. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin da kika taho da su, idan ba ki rufe su ruf a roba ba, danshi zai sa su yi fumfuna. A wurin aiki na ga jarirai da yawa da ƙurajen zafi saboda ana naɗe su da kayan sanyi kamar ana hunturun Kano. Zazzaɓin cizon sauro ma a can ba ya jiran damina kamar yadda muka saba, shekara cur ana fama da shi, don haka gidan sauro ba a naɗe shi a ajiye.

Ranar da ake neman 'yan uwa

Duk waɗannan ana sabawa da su. Abin da ya fi nauyi shi ne wanda ba ya fitowa a hoto ko kaɗan. Wani dare aka kawo mana wata yarinya da naƙudar fari, ba ta fi shekara ɗaya da aure ba, daga ita sai mijinta. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarabanci. Abokan aikina na yi mata tambaya tana kallon su kawai, hawaye na zuba. Da na matso na ce mata sannu, sai ta riƙe hannuna gam ta ce, "Anti, don Allah kada ki tafi." Ta sauka lafiya, alhamdulillahi. Amma da gari ya waye babu mai kawo mata kunun kanwa, babu mai dafa ruwan wanka, uwarta na can tafiyar kwana guda a mota.

A gida, wannan hidimar ba a ma san ana yin ta ba. Gwaggo na nan, ƙanwar miji na nan, maƙwabciya za ta ɗauki yara. A babban birni kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai kin biya kuɗi ko kin gina shi da hannunki. Rasuwa a gida kuma, sau da yawa kafin ki samu jirgi an riga an kai mamaci makwancinsa.

Ribar da sai mazauniya

Kada a ce na ɓata garin mutane. Akwai alherin da baƙuwa ba za ta taɓa samu ba. Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano a 1912 kuma ya ƙara yawansu, har Sarkin Hausawa gare su. A Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 za ki samu masa da fura da tsire, da makarantun Islamiyya, da matan da aka haifi iyayensu a can amma Hausarsu tana nan daram. Su ne suka zama mini dangi.

Maƙwabciyata kuma wata dattijuwa ce Bayarabiya, musulma, wadda ba ta taɓa kira na da sunana ba sai da sunan ɗana na fari, kamar yadda al'adarsu take. Ita ke karɓar mini yara idan hanya ta riƙe ni. Yaran sun dawo gida da Yarabanci a bakinsu, domin tun 2018 doka ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar. Ni kuma na ƙaru a aikina, na ga cututtuka da kayan aikin da ban taɓa gani ba, na kuma ga yadda mata ke neman na kansu ba tare da kowa ya ɗaga ido ya kalle su ba.

Kafin ki ɗaure kaya

Idan shawarar ƙaura ta taso a gidanki, ki nemi a sake kai ki, amma ba a Disamba ba. Ki je a Yuni ko Yuli. Ranar Litinin da asuba ki bi maigida daga unguwar da za ku zauna har wurin aikinsa, ki duba agogo. Ki kalli ƙasan bangon gidan da za ku kama, idan ruwa na shiga za ki ga shatinsa. Ki tambayi matan gidan yadda ake samun ruwa, ba dillali ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ku zaɓi gidan da ke kusa da aiki da makaranta, ko da bai kai wancan kyau ba. Ki san asibitin da ya fi kusa da ku da yadda za a kai shi da tsakar dare, ki taho da katin rigakafin yara da na awo idan kina da ciki. Kafin wata ya ƙare ki tabbata kina da mata uku a unguwar da za ki iya buga wa waya ƙarfe biyun dare. Idan ba a samu wannan ba tukuna, babu laifi maigida ya fara yin gaba, ku biyo baya idan ƙasa ta taku.

Masu zama a Legas, Abuja, Fatakwal ko wani babban birnin, ku faɗa mana a ƙasa abin da kuka tarar wanda ba ku gani ba lokacin da kuke baƙi. Wata na nan tana karantawa, jakarta a buɗe, ba ta gama yanke shawara ba.